Haruffan Dalma

A Wad Madani, bayan 'yan gawayi,
akwai wani ɗaki da ƙofarsa ta daina rufuwa.
Nan kakana, Jatau ɗan Barmo,
ya shekara ashirin da shida yana jera baƙaƙe
a maɗaba'ar wani Bagirke mai yawan tari.
A juye yake jera su
don su fito daidai a idon wasu.
Ya rasu da tawada a ƙarƙashin farce,
mai wanka ya cuɗa, ya cuɗa, ya haƙura.

Gadona akwatin ƙarfe ne
da jaridu goma sha tara da gara ta riga ni karantawa.
Ta cinye jawabin gwamna ƙaf,
ta bar mini farashin auduga,
tallan maganin basir,
da cigiyar wani farin jaki mai tsagaggen kunne.
Ban taɓa ganin edita mai adalcin gara ba.

A shafi na huɗu, can ƙasa,
maƙale da lokutan jirgin Sannar,
layi uku:
wani Batakari ya nutse a magudanar Jazira,
an tsamo shi ran Talata.
Jaki ya samu layi biyar har da kamanninsa.
Mutumin ko suna bai samu ba.
Kuma hannun kakana ne ya jera wannan,
ɗaya bayan ɗaya, daga gurbin katako.
Ko ya san shi? Ko sun taɓa haɗa akushi?

Na raɗa masa Tanimu.
Shekara bakwai ke nan ina ɗinka masa rai:
uwa a Gumel mai sayar da daddawa,
bashin sule uku da bai manta ba,
kaushin ƙafa na tafiyar damina huɗu,
da niyyar Makka
da ta tsaya hutawa a gonar wani, ba ta tashi ba.
Wani malamin jami'a ya ce da ni, ina hujja?
Na ce, Malam, inda takarda ta yi shiru
nan nake shimfiɗa tabarmata.

A bayan wannan shafin kuma, sanarwa:
daren Alhamis ma'aikatan gidan gurza
za su yi wasa a filin makaranta.
Iya Talle ta je, tana goye da mahaifina.
Ta ce labulen buhuna ne aka farke aka haɗa,
kambin sarki gwangwanin man girki,
gimbiya kuwa wani direba ne mai gashin baki
ya ja mayafi har hanci.
Larabcin da suka yi ya fi ƙarfin kunnenta,
amma ta yi kuka daidai inda ake kuka.
Da sarki ya zo mutuwa sai magana ta ɓace masa,
ya tsaya da wuƙar kwali a ƙirji, yana zare ido.
Sai ta ji raɗa daga bayan buhu,
ta gane muryar mijinta.
Shi ya buga takardun, duk ya haddace.
Sarki ya karɓa, ya faɗa, ya faɗi,
aka yi tafi har karnukan unguwa suka amsa.
Ya tashi ya kakkaɓe riga.

Tanimu bai tashi ba.

Shi ya sa nake nan har asuba ta kusa,
wuta ta ɗauke, shayi ya huce,
ina bayan labule kamar Jatau,
ina raɗa wa matattu abin da za su ce.
A ƙasan akwatin na tsinci harafi guda,
nun, ƙarami kamar ƙwayar dawa.
In rubutu ya ƙi, nakan danna shi a tafin hannu.
Yakan fito daidai,
ya jima kaɗan,
fata ta shanye shi.